Daga Attajiri Zuwa Mai Kuɗi

Kalmar "attajiri" daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta ɗan kasuwa take nufi. Wato sana'ar mutum tana cikin sunansa. "Mai kuɗi" kuwa mallaka kawai yake nunawa, bai gaya maka ta ina aka samo ba. A ganina, tafiyar da labarun Hausa suka yi ke nan cikin shekaru talatin: sun bar attajiri sun koma ga mai kuɗi.

Mu ɗauki littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, mun san rumfarsa, mun san abin da ke shiga aljihunsa da wanda yake hana iyalinsa. Ya kori matarsa Rabi da ƴaƴanta saboda sabuwar amarya, daga baya gobara ta cinye dukiyar. Marubuciyar ta sa shi gaba, mai karatu ne alƙali.

Yanzu dubi Labarina na Aminu Saira, wanda muke bi a waya a kowace fada daga Maraɗi har Damagaram. A zangon Mainasara, mai dukiya ne ya ɓoye arzikinsa, ya shiga rigar talaka don ya gane wadda ke son sa tsakani da Allah. Shirin ya yi kyau, ban musa ba, ƴan wasan sun iya. To amma wa ake jarrabawa? Talaka. Shi ne ake leƙa zuciyarsa a ga ko kwaɗayi ne. Mai kuɗin ya zama alƙali, dukiyarsa kuma ba a kai ta gaban shari'a. Kyamara tana nuna ƙofar gida, motoci, falo, sai a ce "kamfani" a wuce. Kamfanin me yake yi, nawa yake biyan ma'aikata, wannan ba shi ne ke jan labarin ba.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, mutum ya wuni cikin rana yana son ya ga sanyi. Gaskiya ne. Sai dai mu nan mun san alhazan Maraɗi, iyayenmu suna iya faɗa maka wane da gujiya ya fara, wane da fataucin Kano. Ko ana yabonsu ko ana zaginsu, an san hanyar. Ƙanenmu da ke kallon fim a yau gidan kawai yake gani, babu hanyar zuwa. In ya rasa ta, kansa zai zarga, ko ya nemi gajeriya.

Ban ce a mai da kowane mai hali azzalumi ba, wannan ma ragwanci ne. Roƙona ga masu rubutu a cikinmu shi ne, in kun sa mai kuɗi a labari, ku ba shi sana'a, ku nuna mu ga yaransa na kasuwa da abin da suke komawa da shi gida da yamma.