Hancin Gwaggo da kwalabe ukun da suka ba ni kunya

Duk macen Damagaram da ta isa mace tana da lungun da take jera kwalabenta na turare. Nawa lungun a saman kabad yake, kuma na yi shekaru ina tara masa: humra fara da baƙa, madarar turare, tsarabar Makka, da wasu da na saya don kawai kwalbar ta burge ni. Ana saura kwana huɗu bikin ƙanwata na sauko da su in zaɓi na fita kunya, sai uku daga cikin waɗanda na fi ji da su suka watsa mini ƙasa a ido. Ɗaya tana ƙarni, ɗaya ta yi tsami kamar tsohon mai, ta ukun kuwa, wadda na zube jika goma sha biyar kafin a miƙo mini ita, ba ƙamshi ba wari, ruwa ne kawai mai launi. Na zuba su cikin jaka, na tare kabu-kabu, sai unguwar Birni wajen Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma haɗa turare ne sana'arta tun kafin a haife ni. Wajen kakarta Babarbariya ta koya. Ba ta karanta rubutun jikin kwalba, ba ta tambayar kuɗi. Abin da ta fara yi shi ne ta ɗaga kwalbar ta duba ta a haske, ta girgiza, ta ga yadda guggubin ƙasa yake tashi da yadda yake komawa. Sannan ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta, ba ta shinshina ba, ta shiga tambayata lafiyar yara da ta maigida. Na ƙosa, na ce, "Gwaggo, ba ki ji shi ba fa." Ta ce, "Ɗiyata, turare baƙo ne, a gaisuwar farko kowa mutumin kirki ne. Bari ya zauna tukuna." Sai da muka yi la'asar ta kai hannun hancinta.

Wannan jiran shi ne rabin ilimin. Abin da ke bugun hanci da zarar an buɗe kwalba shi ne mafi sauƙin tashi, irin ƙamshin lemu da ruwan kolon, kuma cikin 'yan mintuna yake watsewa. Abin da ya rage a fata bayan awa guda shi ne ainihin abin da mutum ya saya. Mai kanti ya san haka sarai, shi ya sa yake fesa maka a wuyan hannu yana miƙo leda.

Ba banza ba wannan sana'a ta yi saiwa a garin nan na Zinder. Gidan sarautar Damagaram daga Barno ya samo tushe, kuma sarakunan farko suna kai gaisuwa can; matan Barebari kuwa kowa ya san su da ƙamshi, daga Kukawa har Diffa. Ga kuma hanyar ayari. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884 kuma ya kewaye Birni da ganuwa, raƙuman fatake suna tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gat da Agadas, su sauke kaya a unguwar Zango kafin su zarce Kano. Bature Heinrich Barth, da ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya ambaci man wardi da lubban cikin hajar da Larabawa ke kawowa kasuwar Kano, kuma Zinder tana kan wannan hanya. Raƙuma sun daina zuwa, amma kayan ba su daina ba. Yau ta Njamaina da Maiduguri da Kano da Dubai suke shigowa Kasuwar Dole.

Kwalba mai ƙarni Gwaggo ta fara yanke wa hukunci, kuma ba ta ɓata lokaci ba. "Farce ne ba a gyara ba," in ji ta. Farce, ga wanda bai sani ba, murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, akasari daga Bahar Maliya ake kawo shi, ya yi kama da farcen mutum. Shi kansa ba wani daɗin ƙamshi gare shi ba. Aikinsa riƙe ƙamshin sauran kayan don kada su gudu daga tufa. Amma yakan zo da ragowar naman dabbar a manne, kuma wannan sai an jiƙa, an kankare ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, an wanke, an shanya, sannan a soya cikin rairayi mai zafi har ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, kafin a daka. Aikin kwana da kwanaki ne, mai cin yatsu. Mai gaggawa takan tsallake kankarar, ta rufe ƙarnin da turare mai ƙarfi. Watan farko ba a ji. Da turaren sama ya lafa, sai teku ya fito.

Anan na fi sha'awar Gwaggo, domin ba laifin kawai take gani ba, tana faɗin ranar da aka yi shi da hannun da ya yi. Ta ce wadda ta haɗa wannan humra ta iya aiki, sandal ɗinta mai kyau ne, ma'auninta daidai. Ƙila odar biki ce ta matse ta. Daga ɗigo ɗaya ta karanto halin macen da ba ta taɓa gani ba.

Ita humra baƙa, yadda Gwaggo ke yin ta, ana haɗa garin farce da na sandal da mahalab da kanumfari a kwaɓa, a turara kwaɓin a kan garwashi da icen ƙamshi irin su dorot, a sake turarawa, har hayaƙin ya ratsa shi. Daga nan a zuba cikin kwalba, a bi da turaruka na ruwa da na mai, a toshe baki, a ajiye a duhu ana girgizawa lokaci-lokaci. Sabuwa ba ta da daɗi, kowane ƙamshi yana ihun kansa. Sai ta yi makonni, wani lokaci watanni, kafin su saba da juna su zama murya ɗaya. Kalmar ma daga Larabci take, tushenta ɗaya da na hamira mai kumbura burodi, da na hamru, wato giya: abin da aka rufe aka bari ya nuna. Turawan Faransa ma sukan ɓoye kwalaben giyarsu shekaru a ɗakin ƙasa mai sanyi, ranar buɗewa wani lokaci su tarar ta koma ruwan tsami. Mu namu halal ne, amma takaicin iri ɗaya ne.

Kwalba ta biyu laifina ce, kuma Gwaggo ba ta raga mini ba. Ta tambaye ni inda nake ajiya, na ce saman kabad, kusa da taga. Ta riƙe haɓa. A watan Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan haura digiri 40, kuma ɗakin kwano ta sama yake fara dahuwa. Mahalab ƙwayar 'ya'yan itace ne mai maiƙo, maiƙo kuwa zafi da iska suna lalata shi kamar yadda suke yi wa man gyaɗa. Haske ma yana cin turare. Ga shi na yi ta shafawa har kwalbar ta koma rabi, na bar rabin iska a ciki shekara biyu. Ita nata kwalaben a ƙarƙashin gado suke, cikin tsohuwar kwalla, a naɗe da tsumma, kuma in kwalba ta yi ƙasa takan juye ragowar cikin ƙarama.

Ta ukun, mai jika goma sha biyar, dariya ta ba ta. An sayar mini da ita da sunan man sandal. Sandal na gaskiya, irin na Indiya, daga zuciyar tsohon itace ake tatsar mansa, yana da nauyi, yana kwana a fata, kuma tsufa ƙara masa daɗi yake. Wannan kuwa ruwa ne mai saurin tashi aka ɗiga wa ƙamshin haɗi, murfin bai kama ba, ya bi iska. Har icen sandal ɗin ana yi masa haka: a jiƙa farin icen banza da turare a shanya. Gwajin Gwaggo shi ne ta fasa icen ta shinshina cikinsa, sannan ta ɗora ɓallin a garwashi. Na jabu da turaren ya ƙone sai hayaƙin murhu. Hatta Bintu Sudan, ɗan turaren man nan da kamfanin W.J. Bush na Landan ya fara yi a 1920, wanda ake yi a Kano kuma kakanninmu suka yarda da shi saboda ba giya a cikinsa, ta ce sai an yi hattara, masu kwaikwayo sun yi yawa.

Hancin nan tana tattalinsa kamar yadda maɗinki ke tattalin idonsa. Ranar da ta kaɗa miyar daddawa ba ta haɗa turare. In tana mura, ko hazo ya sauko ya busar da hanci, sai mai oda ta jira, ko amarya ce. Ba ta da littafi, murfin kwalba da cokalin shayi su ne ma'auninta, kuma in kayan bana sun fi na bara ƙarfi, hannunta da kansa yake ragewa. Jikokinta sun sha cewa za su rubuta haɗin a waya; ta bar su su rubuta, amma har yau tasu ba ta fito kamar tata ba.

Mai ƙarnin ta ce a zubar, ba ta gyaruwa. Ta jabun ta wanke kwalbar ta ajiye. Mai tsamin kuwa ba ta gama mutuwa ba: ta narka sukari a tukunya, ta juye dakakken kajiji da guntayen ice, ta sauke, ta zuba humrar tare da wani turarenta, ya zama turaren wuta. Da shi muka turara ɗakin amarya. Sauran kwalabena yanzu suna ƙarƙashin gado, tare da wata sabuwa da ta haɗa mini ta ɗaure bakinta da tsumma, ta ce kada in kuskura in buɗe sai bayan Babbar Salla.