Masu Sa wa Tsuntsu Zobe a Dajin Yarner

A gefen tsaunukan Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila, akwai dajin Yarner, wanda hukuma ta killace tun 1952. Galibin bishiyoyinsa itacen oak ne. Da zarar sanyi ya ja baya suka fitar da sabon ganye, sai tsutsotsi su yi yawa a kansu, kuma daidai lokacin ne wani ɗan tsuntsu mai cafke ƙwari a iska yake sauka daga Afirka ta Yamma. Turawa na kiransa pied flycatcher. Namijin baƙi da fari ne, nauyinsa kimanin giram 13, kamar ɗan ƙaramin goro, amma Sahara yake ƙetarewa zuwa da dawowa.

Tun 1955 ake rataya masa akwatunan sheƙa a dajin, ana bin diddigin zuriyarsa. Masu wannan aiki su ne suka fi burge ni. Gwanin yakan saƙala wuyan tsuntsun tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, fikafikan na kwance a tafin hannu. In ya matsa, numfashi ya tsaya. In ya sassauta, tsuntsun ya tsere. A haka zai ɗaura masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, ya danne da filaya yadda zai riƙa juyawa ba tare da ya zame ba, ya auna fiffike, ya duba gashin ya gane ko na bara ne ko tsoho, ya sake shi nan take.

'Yan tsaki sun fi wuya. In aka yi gaggawar sa musu zobe, ƙafar ba ta isa riƙe shi ba. In aka makara, buɗe akwatin kawai zai sa su faɗo waje tun ba su iya tashi ba. Shi ya sa ba a ba kowa lasisi sai ya daɗe a hannun malami, kuma a ganina hakan daidai ne. Da irin wannan haƙuri aka gano cewa tsuntsu kan koma dajin da ya yi sheƙa bara.

Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos ma tana wannan aiki. Don haka in ka tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ka yar. Rubuta lambar da rana da wurin, ka sanar da su.