3.4 Alamcin Haske a Waƙar John Henry Newman

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, Littafi Mai Tsarki ya yawaita amfani da haske a matsayin alamar shiriya. A Zabura ta 119 an kwatanta maganar Allah da fitilar matafiyi, a Linjilar Yohanna kuwa, sura ta 8, Yesu Almasihu ya siffanta kansa da haske. A nan za a dubi yadda wani marubucin waƙa ya sarrafa wannan alama.

Newman limamin Cocin Ingila ne a lokacin da ya rubuta waƙar, wato shekarar 1833, yana da shekara 32. Ya tashi daga wani zazzaɓi mai tsanani da ya kwantar da shi a tsibirin Sisili, ya shiga jirgin ruwa zai koma gida, sai iska ta ɗauke, jirgin ya tsaya cik tsakanin Kosika da Sardiniya. A nan ya tsara baitoci uku masu ɗango shida-shida. Daga baya ya sa mata suna The Pillar of the Cloud, ma'ana ginshiƙin girgije, yana nuni da Littafin Fitowa sura ta 13, inda girgije ke jagorantar Bani Isra'ila da rana, wuta kuma da dare.

Abin lura na farko shi ne ƙanƙantar hasken da mawaƙin ya roƙa. A baiti na ɗaya ya nuna kansa cikin dare, nesa da gida, amma bai nemi a haska masa ƙarshen tafiya ba. Ya ce ya wadatu da ganin inda zai sa ƙafa. Wannan irin haske ya fi kama da na aci-balbal, wanda ba ya wuce gaban mai riƙe da shi. Saboda haka shiriya a nan ba ta kawar da duhu, mai tafiya yana cikinsa, sai dai ya dogara ga wanda ke gaba.

Baiti na biyu ne, a ganin mai wannan nazari, ya fi ƙarfi. Mai karatun da ya saba da waƙoƙin wa'azi na Hausa, inda haske ke nufin ilmi duhu kuma jahilci, zai zaci haka abin yake a nan. To amma Newman ya kawo haske na biyu, wato ƙyallin rana mai kashe ido, ya danganta shi da zamanin da girman kai ke jan ragamarsa, yana zaɓar hanyarsa da kansa. Ke nan gaba biyun da ke cikin waƙar duk haske ne: ɗaya na wanda ya yarda a ja shi, ɗaya na wanda ke ganin ya san hanya.

Kyakkyawan fata ya bayyana ne a baiti na uku, inda dare ke wucewa, asuba ta zo da fuskokin mala'iku da ya taɓa ƙauna ya rasa. Wannan hoto yana da ɗan duhun ma'ana, domin ba a fayyace ko matattu ake nufi ba. Da aka tambayi Newman a 1879, sai ya nuna ba dole ne ya tuna manufarsa ba bayan kusan shekara 50.

Wani abin kuma, ko sau ɗaya bai ambaci sunan Allah ko na Almasihu ba, haske kawai yake yi wa magana. Wataƙila wannan ne ya sa waɗanda ba Kirista ba, irin su Mahatma Gandi, suka riƙe ta. A 1870 Edward Bickersteth ya ƙara mata baiti na huɗu wanda ya kira Mai Ceto a fili. Newman bai amince da ƙarin ba, kuma ta fuskar salo yana da gaskiya, domin baitin ya fassara alamar da aka bar wa mai sauraro ya warware da kansa.