Tasirin Muƙamar Hariri a Kan Ruwan Bagaja

1.0 Gabatarwa

Babu marubucin da ya taɓa faɗowa daga sama da alƙalaminsa. Kowa yakan fara ne da kwaikwayon littafin da ya fi shiga ransa. Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda hakan ta kasance ga Abubakar Imam a littafinsa na farko, domin a sami ma'aunin rarrabe aro da sata.

2.0 Tushen Labarin

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Babu wani ƙagaggen labari na Hausa cikin boko da zai ɗauka ya yi koyi da shi. Abin da ke gabansa shi ne littattafan Larabci da malaman zaure ke karantarwa, kuma daga cikinsu akwai Muƙama ta Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122. Imam bai ɓoye ba, ya faɗa da kansa cewa a nan ya samo taurarinsa biyu.

Muƙamar ta ƙunshi labarai 50. A mafi yawansu Harisu ɗan Hammamu yakan isa wani gari, ya tarar da Abu Zaidu ya ɓad da kama yana damfarar jama'a da zaƙin baki. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai tuna cewa haka Alhaji Imam ke ta cin karo da Malam Zurƙe gari bayan gari.

3.0 Inda Ɗalibi Ya Saɓa wa Malaminsa

Bambancin ya fi kamannin muhimmanci. Na farko, Harisu ɗan kallo ne, yawanci ba da labari kawai yake yi. Imam kuwa ya mai da mai ba da labarin abokin karawa, kowa ya cuci wani sai an rama. Daga ramuwar nan ban dariyar littafin ta fito.

Na biyu, yawon Harisu ba shi da wata manufa guda. Alhaji kuwa ya bar Kwantagora ne domin ya nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Wannan buri shi ne zaren da ya ɗinke labarin.

Na uku, ƙarfin Hariri yana ga saja'i da baƙin kalmomi, har ɗalibi ba ya gane shi sai da sharhi. Imam ya ajiye wannan, ya ɗauki Hausar kasuwa da ta fada.

Duk da haka aron ya bar tabo. Ana iya musanya wuraren wasu haɗuwar Alhaji da Zurƙe ba tare da labarin ya girgiza ba, kuma halayensu ba su cika sauyawa ba. Wannan gadon zubin muƙama ne, inda kowane labari ke cin gashin kansa.

4.0 Kammalawa

Wasu manazarta sun kira irin wannan aro satar fasaha. A ganina hukuncin ya yi tsauri. Gano tushen labari somin taɓi ne kurum. Tambayar da ta kamaci mai nazari ita ce: me marubucin ya ɗauka, me ya zubar, me ya ƙara?

Batun ya shafe mu malamai kai tsaye. Ɗalibanmu na Samaru da sauran wurare sukan kawo rubutunsu na farko yana ƙamshin Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce. Idan muka yi musu tsawa, sai su ajiye alƙalami. Idan muka yaba ido rufe, sai su dawwama a kwaikwayo. Abin da ya dace shi ne mu zaunar da ɗalibi, mu ce ya nuna mana shafin da Imam ba zai iya rubutawa ba. Daga wannan shafi littafinsa zai fara.