Mairama da Daudu a Lungunan Gwammaja

Da zarar azumi ya kai goma, an sha ruwa, an idar da asham, sai lungunan Gwammaja a Kano su ɗauki ƙarar ƙwarya da gwangwanin 'yan tashe. Yara maza na can da nasu tashen, da gemun auduga da tumbin tsumma. Ni kuwa na 'yan mata nake jira, wato Mairama da Daudu, don ban taɓa ganin wasan waƙa da ke nuna zaman miji da mata da kaya 'yan kaɗan irin wannan ba.

Kayan duka yarinya ɗaya za ta ɗauke su a ka: tabarma, kwano, mafici, ƙwarya da ludayi. Sai riga da hula da aka aro a wurin wani yaya. Su yi sallama, a ce su shigo, su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, shi ke nan ɗakin amarya ya samu.

Gwanintar farko tana bakin mai ba da waƙa. Ita ce mai tsara wasan, amma ba ta tsayawa gefe ta yi nuni da hannu, a cikin waƙar take ba da umarni. Ta ce a kawo wa maigida ruwa, 'yan amshi su karɓa, kuma tsawon amshin nan shi ne lokacin da Mairama za ta tashi, ta ɗauko kwano, ta durƙusa. In ta yi nawa, sai mai waƙa ta maimaita baitin ba tare da kowa ya lura ba. In matan gida suka fashe da dariya, sai ta ɗan ja, ta bar dariyar ta lafa kafin ta ci gaba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke nan, tana karanta fuskokin masu kallo tana kiɗa ƙwarya a lokaci guda.

Amma Daudu ya fi ba ni sha'awa, don aikinsa zama ne kawai, zaman kuwa da wuya. Yarinyar da ta sa rigar dole ta haɗe rai, ta miƙe ƙafa, ta yi gyaran murya, ta karkata hula, alhali ƙawayenta na kewaye da ita suna neman sa ta dariya. Ba a ambaton so a wasan, ba a taɓa hannu. Mairama tana lulluɓe, ba ta kama sunan miji, kamar yadda iyayenmu mata ba sa kamawa. Ƙaunar tana cikin yadda take ajiye kwanon a hankali, da yadda Daudu ke satar kallonta ta gefen ido in ta juya. Tsofaffin gida kan yi shiru a daidai nan, kowacce ta san abin da ta tuna.

Akwai masu cewa wasan hidimar mace kaɗai yake koyarwa, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya. Sai dai gwanar Daudu takan ƙara wa isar maigida gishiri har kowa ya gane zolayarsa ake yi. Irin wannan makamin Malam Aminu Kano ya sani. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya rubuta wasannin kwaikwayo na gyaran hali, ya kuma ƙare rayuwarsa yana fafutukar ilimin mata, har ya rasu a 1983. Gidansa na Mambayya, inda kabarinsa yake, a nan Gwammaja yake, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, finafinan Kano suka bunƙasa, waƙar soyayya ta koma ɗakin naɗar sauti da gaban kyamara. Yaran nan sun san waƙoƙin fim sarai, suna rera su a hanyar makaranta, amma in suka shiga gidan mutane da tabarmarsu, tsohuwar muryar da suka ji a bakin yayyensu suke ɗauka.

In an gama, uwargida ta ɗebo gero ko ta miƙa 'yan kuɗi, su yi godiya da addu'a. A naɗe tabarma, Daudu ya tattare rigar da ta fi ƙarfinsa don ya tsallake kwata, Mairama ta yaye lulluɓi ta riƙe masa hula, su doshi gida na gaba.