A kai yaranmu bakin gulbi da littafi a hannu

Wata al'ada ta fara kankama a makarantunmu na Birnin Kebbi da Argungu, musamman masu zaman kansu: fita da ɗalibai waje da sunan koyon kimiyya da kula da muhalli. Sau ɗaya a shekara a ɗauko mota, a kai yara Gidan Tarihi na Kanta ko bakin Matan Fada, a ci abinci, a ɗauki hotuna a zuba a Facebook. Ranar 5 ga Yuni kuma, Ranar Muhalli ta Duniya, a dasa dogon yaro a jere, kafin bazara ta zagayo ya bushe don ba a ɗora wa kowa ban ruwa ba. Ina murna da fitar nan, kuma ina jinjina wa malaman da suka fara ta. Sai dai yadda ake yin ta yanzu yawon buɗe ido ne, kuma yaran Kabi sun cancanci fiye da haka.

A duba abin da ke faruwa a cikin aji. Malami zai zana kifi a allo, ya rubuta sunayen sassan jikinsa da Turanci, yara su kwafa su haddace. A cikinsu akwai ɗan masunci wanda tun yana shekara bakwai yake ɓare kifi, ya san inda ƙwai yake da inda matsarmama take. A jarrabawa shi ne zai faɗi, ya koma gida da tunanin kimiyya abar wasu ce. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Makarantu da yawa suna kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje, kuma kukan gaskiya ne, amma gulbin Rima yana nan kwance tun daga Augie, ya ratsa Argungu, ya bi ta Zauro da Ambursa har bayan Birnin Kebbi, da fadamarsa mai faɗi, ba a biyan ko sisi kafin a kalle shi.

Abin da ke cikinsa ya isa manhaja guda. Ɗauki gorar da masunci yake kifa cikinsa a kai yana ratsa ruwa da homa a hannu. Me ya sa ƙaton mutum ba ya nutsewa da ita? Idan aka zuba mata kifi, ina za ta kai kafin ta gaza? Darasin da littafin fiziks ya jingina wa Arkimidis ke nan, kuma yara za su iya gwada shi da ƙaramar gora da tsakuwa da ma'auni a cikin daro. Ga minjirya mai lantarki a jikinta. Ga gaiwa, wadda idan tafki ya ƙafe take binne kanta cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska da huhu wata da watanni har ruwa ya dawo. Yaron da ya ga an haƙo gaiwa da ranta daga busasshiyar ƙasa ba sai an tilasta masa haddar yadda halitta ke dacewa da mazauninta ba. Shi ne ma zai dami malami da tambaya.

Ta fuskar muhalli kuwa, kakanninmu sun riga littafin. Tun kafin bikin kamun kifi na Argungu ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, suna da Sarkin Ruwa da Homa masu faɗin lokacin da za a shiga da lokacin da za a bari. Matan Fada a rufe yake ga masu su har sai ranar da aka buɗe shi. Shi ya sa ake samun giwan ruwa irin wadda ta ci gasar 2020 da kilo 78. Da UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016 mun yi ta alfahari, amma ɗalibai nawa aka zauna aka bayyana wa hikimar rufe ruwan? Kifi yana hayayyafa ne idan ruwa ya cika ya malala fadama, 'ya'yansa su girma a cikin ciyawa. Wanda ya tare su da raga mai ƙananan idanu, ko ya zuba wa tafki magani, ya cinye kamun baɗi tun bana. Wannan bayani daga bakin dattijon Basarke, a bakin ruwa, ya fi shiga zuciyar yaro fiye da babi uku.

Ba ina cewa duk abin da dattijo ya faɗa shi ke nan ba. A nan ne ma aikin malami yake. Idan Baba masunci ya ce ruwan bana bai kai na da ba, ko wani kifi ya yi ƙaranci, sai a gode masa, a rubuta, sannan a tambayi yara: ta yaya za mu tabbatar? Daga wannan tambayar kimiyya take farawa, kuma ita ce babu a fitar da ake yi yanzu.

Amsarta awo ne, da komawa wuri ɗaya a kai a kai. Kowace makaranta ta zaɓi wurinta, tafki ne ko gefen gona ko rijiyar fadama. A kafa sanda mai alamun santimita, duk mako biyu a je a karanta inda ruwa ya tsaya. A yanke robar ruwa a manna mata rula a ajiye a filin makaranta, a riƙa auna ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba. A auna zafin rana a ƙarƙashin itace da kuma a fili a watan Afrilu, yara su ga bambancin da idonsu. Bayan haka ba wanda zai roƙe su su ba dashensu ruwa. Duk a zuba a babban littafi guda wanda ajin bana zai bar wa na baɗi. Cikin shekara biyar makarantar tana da tarihin ruwan yankinta, rubutun hannun 'ya'yanta.

Kada a ɗauka wannan wasan yara ne a jihar da ta dogara da shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, a Argungu aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a 2017, kuma kowa ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonaki. Ruwan da ke iso mana ba damina kaɗai ke sarrafa shi ba, madatsun Goronyo da Bakalori suna da hannu a yawansa da lokacin zuwansa. Yaran da za su gaji fadamar nan suna buƙatar sanin haka, da sanin inda taki da maganin feshi suke gangarawa bayan an yi ban ruwa, da ko zurfin rijiyoyin noman rani yana canzawa.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ban raina shi ba. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yawuri a 2021, babu uban da zai saki jiki a kwashi ɗansa zuwa daji. Shi ya sa nake maganar wuri na kusa, wanda za a je a ƙafa a dawo cikin darasi biyu, da sanin mai unguwa da rakiyar mutanen wurin. Yara su tsaya a gaɓa, masunta su kawo musu abin da za a duba. Tsargiya ma dalili ce ta hana shiga ruwa, kuma ita kanta darasi ce: a nuna musu katantanwar da ƙwayar cutar take girma a ciki, a bayyana yadda take shiga ta fata, da yadda fitsari a ruwa ke mayar da ita. 'Yan mata su fita da malamai mata, kada a bar su a aji a ce ba aikinsu ba ne.

Inda nake ganin za a fara shi ne Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, domin malamin da ba a taɓa fita da shi ba ba zai fita da kowa ba. A sa wa kowane ɗalibin kimiyya sharaɗin gudanar da darasi ɗaya a fadama lokacin koyon aikin koyarwa. Masarautar Argungu kuma ta sa baki Sarkin Ruwa ya ware masunta da za su riƙa karɓar makarantu, a ba su ɗan abin hasafi daga kuɗin da ake kashewa a hayar mota da ɗinkin riguna.