Wai Ƙanƙantar Katalis Ita Ce Ƙarfinsa? Kobalt Bai Yarda Ba

Makon jiya, a wani taron gabatar da bincike, mai jawabi ya nanata har sau uku cewa duk yadda ƙwayoyin ƙarfe suka ƙanƙanta, haka katalis ke ƙara ƙarfi. Ba wanda ya musa, ni ma na yi gum. Amma maganar rabin gaskiya ce, kuma ta zama ruwan dare a rubuce-rubucen makamashi.

Katalis dai abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, kuma a fuskar ƙarfen aikin ke faruwa. Idan ka mayar da ƙarfe ƙanana, fuskar sai ta ƙaru. Suna da hujja: a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa zinare, duk da sanyin jikinsa, yana ƙona iskar kabon monoksaid ko a cikin sanyi idan ƙwayoyinsa ba su wuce nanomita 5 ba.

To amma zinare ba shi ne kowa ba. Ɗauki kobalt, wanda ake amfani da shi a tsarin Fischer-Tropsch don mayar da iskar gas man dizal, kamar a masana'antar Escravos da ke Jihar Delta. A 2006 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gano cewa da zarar ƙwayoyin kobalt sun gaza nanomita 6 zuwa 8, aikinsu sai ya ragu, kuma su riƙa fitar da iskar miten da yawa maimakon dogayen sarƙoƙin da ke zama dizal. Ka ga an koma gidan jiya ke nan, domin da miten ɗin aka fara.

Me ya jawo? Raba kabon da oksijin na buƙatar atom da dama jere da juna, a wani gurbi mai kama da matakala. Ƙaramar ƙwaya kusan duk gefe ce da kusurwa, ba ta da wannan gurbin sosai.

Kobalt na da tsada, kuɗin bincike kuwa ba ya isarmu. Ɗalibin da ya hau wannan magana zai iya ɓata shekara guda yana ƙanƙanta abin da ya kamata ya bari. Kafin ka tambayi girman ƙwaya, fara tambayar wane tsari sinadarin ke nema a fuskarta.